Ɗan waƙa a Maradi: tsoron dandamali da tsoron gida

Matashin da ke waƙa a garin nan yana fama da tsoro iri biyu. Akwai na dandamali: a kira sunanka, a miƙo maka mikiro, baki ya bushe, gwiwa ta kama kaɗawa. Akwai na gida: kada Baba ya ga bidiyon, kada a ce ɗan gidan mutunci ya koma roƙo. A ganina na gidan ne ke hura wutar na dandamali. Wanda ke waƙa a ɓoye, da ya hau sai ya riƙa laluben wanda ya ɗaga waya yana ɗaukarsa, baiti ya kuɓuce masa.

Maradi garin kasuwa ne da karatu, kuma a al'adarmu kiɗa sana'ar gado ce. Ana son makaɗi ranar biki, amma ranar neman aure sai a fara tambayar asali. Dattijon da ya ji ɗansa na zuwa studiyo wannan yake hange, haɗe da ƙwaya da yawon dare. Kada ka bari labarin ya iske shi daga bakin maƙwabci. Fara da kawu ko gwaggo da ake jin maganarsu a gidan. Kai musu waƙa ɗaya wadda ba za ka sunkuyar da kai ba in an sa ta gaban Inna, kuma sharuɗɗan su fito daga bakinka tun ba a gindaya maka ba: ba ka barin lakkol ko shago, ƙarfe kaza kana gida, ba batsa, ba zambo. Suna iya ƙi. Ko da sun ƙi, ka dai huta da fargabar tonon asiri. Ga ƴa mace abin ya ninka, ita kam kada ta je wasan dare sai da wani nata da gida ya sani. Zancen hukuncin kiɗa kuwa, tambayi malamin da ka yarda da shi, ka daina kai shi fada kowane dare ana jayayya.

Tsoron dandamali kuwa, jiki ne ke aikinsa. Tsoro na sa zuciya gudu, yawu ya ƙafe, numfashi ya tsaya a ƙirji, shi ya sa sabon mawaƙi ke riga kiɗa gudu, muryarsa ta tsinke a sama. Minti 10 kafin a kira ka, koma gefe, ja iska ta hanci kana ƙirga 4, sake ta ta baki kana ƙirga 8, har minti 2 ko 3. Tsawaita fitarwar ita ke rage bugun zuciya. Kofin farko na shayin fada, mai ɗacin nan, bar shi ranar wasa, yana ƙara rawar hannu. Sha ruwan da ba na firiji ba, kaɗan kaɗan, musamman lokacin hunturu da ƙura ke busar da maƙogwaro.

Kuskuren da ya fi yawa daga studiyo yake tasowa. An ɗauki waƙar layi layi, an gyara muryar da kwamfuta, an ɗora ta a sautin da ba ka iya riƙewa daga farko har ƙarshe kana tsaye. Ka ce mai haɗa kiɗa ya fitar maka da wani na wasa wanda aka sauke sautinsa ƙasa kaɗan, da rabin mataki ko mataki ɗaya, amshi na ciki, babbar murya babu. Ka yi ta bitarsa a tsaye, kana motsi, gaban mutum 5 da ba abokanka ba. Ajiye kiɗan a kile (USB) biyu da kuma waya, in ta WhatsApp za ka tura, tura shi a matsayin fayil don kada ya rage kyau. Je wurin da wuri ka gwada sono, wato kayan sauti. Mikiro tazarar yatsa biyu ko uku daga baki, kada ka dunƙule kansa da tafi, kada ka nuna shi ga sifika, abin da ke jawo ƙarar nan mai huda kunne ke nan. Buɗe da waƙar da ta fi maka sauƙi. Kuma kuran na iya ɗaukewa, tanadi amshi ɗaya da jama'a za su riƙe da tafi kafin a tada gurup.

Wani a bayan dandamali zai miƙo maka tramol, wai yana cire kunya. Yana ƙara busar da baki, yana sa jiri da amai, in ya yi yawa yana kawo farfaɗiya, kuma bayan ɗan lokaci ba ka iya hawa sai da shi.

Kuɗi ma na hana barci. In an yi da kai jika 50 a biki, karɓi rabi kafin ranar, a rubuta a saƙo tare da yawan waƙoƙi da wanda zai biya kabu-kabu. Waƙoƙinka ka yi musu rajista a BNDA, hukumar haƙƙin mawallafa ta ƙasa. Ranar da ka saki waƙa a TikTok ko Facebook, ba wani amintacce ya duba sharhi ya tsamo maka abin gyara, kamar a ce murya ta nutse cikin kiɗa. Zagin da ya shafi iyaye a goge, ba a amsawa.

Akwai iyakar da dabarun nan ke tsayawa. In ka kai sati biyu ba barcin kirki, abinci ba ya shiga, ko ƙirji na matsewa alhali kana zaune a ɗaki, ko tunanin cutar da kanka ya fara zo maka, gaya wa wani babba a gida yau, ku je likita tare. Addu'a ba ta hana ganin likita, kuma ka faɗa masa gaskiyar duk ƙwayar da ka sha da yawanta.