SearXNG: ku daina kwafe settings.yml gaba ɗayansa

Masu ɗora SearXNG, manhajar bincike a intanet, a kan sabarku, don Allah ku daina kwafe fayil ɗin saituna na asali kaf ɗinsa kuna mayar da shi naku. Wannan ɗabi'a ce ke sa manhajar ta yi aiki lafiya lau da farko, daga baya injuna, wato shafukan binciken da take neman amsa a wurinsu, su riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya, mutum ya rasa gane dalili.

SearXNG ba ta da rumbun shafuka nata na kanta. Tambayarka take kaiwa wurin Google, DuckDuckGo, Wikipedia da sauransu, ta tattaro amsoshi. Waɗannan shafuka kullum cikin canza tsari suke, masu kula da manhajar kuma suna bin su da gyara, wani a cikin lambar manhaja, wani a cikin searx/settings.yml da ke zuwa tare da kowane sabon fiti. Wanda ya kwafe tsohon fayil ya daskarar da kansa a ranar da ya kwafa. Ko da ya sabunta manhajar, tsofaffin ƙimomin da ke fayil ɗinsa ne za su danne sababbin.

Abin da ya dace shi ne fayil ɗinka, wanda ke /etc/searxng/settings.yml ko inda SEARXNG_SETTINGS_PATH ya nuna, ya fara da layin use_default_settings: true, sannan ka rubuta abin da kake son canzawa kawai. Idan ka manta wannan layin, ba za a haɗa fayil ɗinka da na asali ba, jerin injunanka zai tsaya iya abin da ka rubuta da hannunka. Ba ka rubuta ko ɗaya ba? To babu inda tambaya za ta je.

Sai dai haɗawar tana da ƙa'ida, kuma a nan mutane suka fi tuntuɓe. Sashe mai maɓallai, irin server ko ui, ana bin sa maɓalli bayan maɓalli: ka canza secret_key, sauran su zauna yadda suke. Jeri kuwa ba a ƙara masa, maye gurbinsa ake yi ɗungurungum. Misali, search.formats yana zuwa da html kaɗai. Mai son wata manhaja ta riƙa karɓar sakamako ta json, tsarin bayanai da manhajoji ke karantawa, sai ya rubuta json shi ɗaya a ƙarƙashin formats, yana zaton ƙari ya yi. Ya goge html ke nan. Duk wanda ya yi bincike ta burauza zai ci karo da kuskuren 403, wato an hana shi shiga. Dole a rubuta su biyun, html da json.

Sashen engines jeri ne shi ma, amma an yi masa hanya ta daban: da suna ake haɗa shi. Ka rubuta name: bing da disabled: false, za a nemo injin mai wannan suna a canza masa wannan abu ɗaya. Idan sunan bai dace harafi da harafi ba, ka sa Bing da babban baƙi, ko ka rubuta duckduckgo image maimakon duckduckgo images, za a ɗauka sabon inji ka kawo. Tunda ba ka ba shi filin engine ba, ba zai loda ba, sai dai ka ga ƙorafin a rajistar sabar, na ainihin kuma yana nan ba a taɓa shi ba. Ni a ganina wannan ya cancanci gargaɗin da ya fi haka ƙarfi, domin da yawa ba sa leƙa rajistar sai abu ya lalace.

Rage injuna ma kala-kala ne. disabled: true yana kashe inji ne a matsayin farko kawai, mai amfani zai iya kunna shi a shafin zaɓuɓɓukansa. Idan so kake ya fita kwata-kwata, a ƙarƙashin use_default_settings za ka buɗe engines, ka sa remove da sunayen da ba ka so, ko keep_only da waɗanda za su rage. A lura cewa cirewar ce ke fara gudana kafin a haɗa naka. Ka cire google a sama sannan ka yi masa gyara a ƙasa, gyaran ba zai tarar da kowa ba.

Kada a bar secret_key, mabuɗin sirrin sabar, a kan ƙimarsa ta asali, wato ultrasecretkey, manhajar ma ƙin tashi take yi. Umarnin openssl rand -hex 32 zai ba ka mai kyau. Masu tafiyar da SearXNG ta manhajar Docker su tuna cewa abin da aka sa ta SEARXNG_SECRET ko SEARXNG_BASE_URL yana rinjayar abin da ke cikin fayil, don haka kafin ka zargi haɗawa, duba fayil ɗin compose ɗinka, inda ake rubuta saitunan Docker. YAML kuma, tsarin da ake rubuta settings.yml da shi, ba ya karɓar tab wajen matsar da layi ciki, sarari ake bugawa, kuma kalmomi irin no da off idan ba a sa su cikin alamar zance ba, a matsayin false yake karanta su, ba rubutu ba.

Bayan kowane gyara a sake tayar da manhajar, a buɗe /config a ƙarshen adireshin sabar. Nan za ka ga jerin injunan da suka loda da gaske, da wanda ke kunne da wanda ke kashe, ka gwada shi da abin da ka nufa.