Ba a zalunci Rybka ba, Fruit aka zalunta

Jiya da dare muna tsaka da wasan chess, abokin karawata ya sake tayar da zancen Rybka, manhajar kwamfuta mai buga chess, wai hukumar ICGA mai shirya gasar chess ta kwamfutoci ta duniya ta zalunci Vasik Rajlich, wanda ya ƙirƙiro ta. Na ajiye dokin da ke hannuna, wasan ma ya fita daga raina. Zalunci kuma? Haba jama'a!

Dokar gasar a fili take: manhajar da za ka shigar ta zama aikinka, in kuwa ka ɗauko wani ɓangare daga wajen wani, ka faɗa. Shi ke nan abin da aka nema. Fabien Letouzey ya saki tasa manhajar chess ɗin, Fruit 2.1, a 2005, ya buɗe rubutun cikinta kyauta kowa ya karanta, bisa sharaɗin lasisin GPL, wato duk wanda ya yi gini a kanta ya rarraba, shi ma ya buɗe nasa rubutun. Kafin shekarar ta ƙare sai ga Rybka ta fito tana doke kowa, a rufe ruf, daga baya kuma ta zama ta kuɗi. Ta ɗauki kambun duniya a 2007, 2008, 2009 da 2010. Da masana suka tona cikinta, suka jera yadda take auna darajar kowane matsayi a kan allo kusa da na Fruit, sai hukumar ta yanke hukunci a watan Yunin 2011 cewa an kwafi Fruit da kuma wata manhajar, Crafty ta Robert Hyatt. Aka ƙwace kambunan, aka haramta wa Rajlich gasar har abada.

Sai a ce min ai ya musanta. Na sani. Sai a ce ai Rybka ta fi Fruit ƙarfi nesa ba kusa ba. To sai me? In ka ɗauki gidan mutum ka ɗora masa bene, harsashin ya zama naka ke nan? Ban taɓa cewa Rajlich ba shi da basira ba, yana da ita sosai, shi ya sa ma abin ya fi min ciwo. Layi ɗaya ne kawai zai rubuta ya ambaci sunan mai aikin.

Masu cewa kowa ma yana aron dabara su ne suka fi ba ni haushi. Aron dabara daban, ɓoye asali daban. Shahararriyar manhajar chess ta kyauta, Stockfish, da kanta daga wata manhaja mai suna Glaurung ta samo asali, kuma ba ta taɓa ɓoyewa ba. Saboda irin wannan sakaci da muke yi da maganar ne aka wayi gari a 2021 ana sayar da Fat Fritz 2, wadda kusan Stockfish ce aka sauya wa riga, har sai da masu Stockfish suka kai ChessBase, kamfanin da ke sayar da ita, kotu a Jamus, aka sasanta a 2022. Mutanen da ke kwana suna gwaji ba tare da an biya su ko sisi ba, sunansu kawai suke so a bar musu.

Ni wallahi Letouzey nake tunawa. Sauran masu manhajojin da suka zo na biyu a waɗancan shekaru kuma, an ba su kambun daga baya, amma ranar murnar ta riga ta wuce su.