Wa Ya Zaɓi Masu Zaɓen Alƙali?

Ɗanboko: Allah ya gafarta Malam, na karanta cewa a shekarar 2025 an kashe kimanin dala miliyan 100 a zaɓen kujera ɗaya tak ta Kotun Ƙolin jihar Wiskonsin da ke Amurka.

Malam Gardama: Sake karantawa da kyau, yaro, wataƙila gwamna suka zaɓa, domin tunda nake ban taɓa jin alƙali ya hau dandamali yana roƙon ƙuri'a ba.

Ɗanboko: Alƙali ne, Malam. Kotun tana da alƙalai bakwai, kowannensu jama'a ke zaɓensa na shekara goma. A Teksas kuwa su tara ne, wa'adinsu shekara shida, kuma da tutar jam'iyya suke tsayawa.

Malam Gardama: To, me ɗan takarar yake alkawartawa? Ɗan majalisa yakan yi alkawarin hanya da asibiti, shi kuma sai ya ce duk wanda ya kawo ƙara zai yi nasara, wanda aka yi ƙara ma zai yi nasara?

Ɗanboko: Ƙa'idar aikinsu ta hana su alkawarta yadda za su yanke wata shari'a.

Malam Gardama: Ashe mutum zai zuba miliyoyi a kan wanda bai yi masa alkawarin komai ba? Ko dai attajiran can sun fi kowa son lada, ko kuwa ruwa ba ya tsami banza.

Ɗanboko: An taɓa yin irin wannan a jihar Bajiniya ta Yamma, inda shugaban wani kamfanin kwal ya kashe kusan dala miliyan 3 don wani lauya ya hau kujerar Kotun Ƙolin jihar, alhali kamfanin yana shirin ɗaukaka ƙara kan diyyar dala miliyan 50 da aka yanke masa. Sabon alƙalin ya ƙi janyewa daga shari'ar, aka soke diyyar da ƙuri'a uku a kan biyu, har sai da Kotun Ƙolin Amurka ta ce a 2009 ya kamata ya janye.

Malam Gardama: Miliyan uku ta fanshi hamsin! Kada ka ga laifinsa, ɗana, domin kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Me ya hana su bar gwamna ya naɗa, kowa ya huta?

Ɗanboko: Gudun kada ya naɗa abokansa. Shi ya sa a 1940 jihar Misuri ta kafa kwamiti na mutum bakwai, wato alƙali ɗaya daga kotun, da lauyoyi uku, da mutanen gari uku, su tace masu nema su miƙa wa gwamna sunaye uku ya ɗauki ɗaya.

Malam Gardama: Su mutanen garin nan uku, wa ya naɗa su?

Ɗanboko: Gwamna ne, Malam.

Malam Gardama: Madalla! Gwamna ya zaɓi waɗanda za su taya shi zaɓo wanda zai zaɓa, kuma an ce an raba shi da maganar.

Ɗanboko: Ba a nan aka tsaya ba, domin bayan alƙalin ya yi aƙalla shekara guda, akan tambayi jama'a ko ya zauna ko ya sauka, ba tare da abokin takara ba. A 2010 alƙalai uku na Kotun Ƙolin Ayowa sun rasa kujerunsu ta wannan hanya.

Malam Gardama: Mutum ya yi tsere shi kaɗai kuma ya zo na biyu! Ni kam idan zan nemi aikin nan, ka nemo mini inda babu wanda zai dawo ya tambaye ni.

Ɗanboko: Sai dai jihar Rod Ailan, inda alƙalin kotun ke zama iya rayuwarsa.

Malam Gardama: Sunan bai yi mini nauyi a baki ba. Na fi son a ce da ni alƙalin Kotun Ƙolin Niyok, kowa ya ji ya shiga taitayinsa.

Ɗanboko: Allah ya gafarta Malam, a Niyok wadda ake kira Kotun Ƙoli ita ce inda ake fara shari'a, ta can sama kuwa sunanta Kotun Ɗaukaka Ƙara.

Malam Gardama: To, ka gaya musu su kafa kwamitin da zai raɗa wa kotunan suna tukuna, na alƙalai ya biyo baya. Amma kada su bari gwamna ya naɗa ko mutum ɗaya a ciki.