Ana Gadin Ƙofa, Katanga Ta Daɗe da Faɗuwa

Duk lokacin da wani yaro ya saki waƙar gambarar zamani (hip-hop) ta karaɗe TikTok, sai a tono tsohon zance: a kama su, a hana su, kada waƙa ta fita sai hukumar tace fina-finai ta sa hannu. Tun ƙarar da wasu lauyoyi suka kai kotun shari'ar Musulunci a Kano a 2022 kan wasu mawaƙa da 'yan TikTok ake bitar wannan karatu, yaran kuwa sai ƙaruwa suke yi. Ni dai abin ya ishe ni.

A 2001 aka kafa hukumar ta Kano, lokacin da waƙa ba ta kaiwa kunnen jama'a sai ta bi ta hannun 'yan kasuwar kaset na Ƙofar Wambai ko ta gidan rediyo. Wanda ya tsare waɗannan hanyoyi biyu ya tsare gari. Yau yaro na zaune a ɗakin zaure a Tudun Wadar Kaduna, da tsohuwar kwamfuta da makirufo na aro, ya ɗora waƙa a dandalin sauraron waƙoƙi na Audiomack da daddare, kafin azahar ana taka rawarta a Damagaram da zangon Kumasi. Wane jami'i zai tare shi, kuma a wace kwana? Ko a Amurka, inda kamfanonin waƙa ke da ƙarfi, mawaƙi Lil Nas X ya sayi kiɗa a intanet kan dala 30 ya ɗora waƙa a kai, TikTok ya ɗauke ta, waƙar ta yi mako 19 a saman jadawalin fitattun waƙoƙi na Billboard a 2019.

Masu cewa wannan baƙuwar al'ada ce daga Turawa ba su cancanci doguwar amsa ba. Sunan da muka laƙaba wa abin ma ya ƙaryata su. 'Yan gambara sun daɗe suna zagaya kasuwanninmu da baƙar magana mai ƙafiya, wata ma ba ta sauraruwa a gaban surukai, kuma zambo da habaici ba jiya suka shigo waƙar Hausa ba. Duk wanda ya saurari Shata ya san haka. Kakanninmu sun yi dariya, sun ba da kuɗi, jikokinsu ne yanzu ke toshe kunne.

Ba na wanke batsa. Akwai ta, kuma wata ƙazamar gaske ce. Amma a tambayi dalili. Manhajar TikTok ba ta san ma'ana ba, abin da aka fi kallo shi take turawa gaba, kuma babu abin da ke jawo kallo kamar tsinuwar jama'a. Duk mai wa'azin da ya kama sunan yaro a mumbari, talla ya yi masa kyauta. Ana nan ana ta kumfar baki a kan mutum uku, alhali irin su B.O.C Madaki na Bauchi da DJ AB na Kaduna sun yi shekaru suna sarrafa Hausa, masu sukar ba su taɓa zama sun saurare su ba.

In da gaske ake, gidajen rediyo su buɗe wa masu tsabtar baki fili, attajirai su sa kuɗi a situdiyo da gasa. Kotu kuwa, kowane sammaci da ta aika, mabiya dubbai take ƙara wa wanda aka kai ƙara.