Kafin Yatsa Ya Danna

Assalamu alaikum wa rahmatullah, 'yan'uwa.

Wannan nasiha kaina na fara yi wa kafin in yi wa kowa, kuma da laifina zan buɗe ta.

Shekara biyu da suka wuce, ina aji biyu a jami'a, muna zaune a harabar masallaci bayan la'asar sai aka kira wani abokina a waya, aka ce yayan wani ɗan ajinmu ya rasu a haɗarin mota. Na san mamacin, ya sha rage mana hanya. Kafin abokin nan nawa ya gama salati, ni na riga na nemo hotonsa, na rubuta "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un", na sa sunansa da unguwarsu, na tura a Facebook da guruf biyu na WhatsApp. A lokacin a raina aikin lada na yi, ai sanar da mutuwa ne don a yi addu'a.

Ashe mahaifiyarsa ba ta ji ba tukuna. Tana fama da hawan jini, don haka ƙannen mahaifinsa suka tsara za su je da limamin unguwa bayan magariba, su zaunar da ita, su fara da nasiha kamar yadda aka saba. Wata yarinyar maƙwabta ta ga rubutuna a waya, ta faɗa gidan da kuka. Baiwar Allah nan a gadon asibiti ta kwana, aka fita da gawar ɗanta ba ta yi masa kallon ƙarshe ba.

Ɗan ajin namu bai zage ni ba. Da na je gaisuwa ya kalle ni kawai ya ce, "Me ya sa ka yi sauri?" Har yau tambayar nan ba ta bar ni ba.

Ku lura, ba ƙarya na rubuta ba. Mutumin ya rasu, sunan nasa ne, hoton nasa ne. Amma da na zauna na tuhumi zuciyata tsakani da Allah, sai na gane addu'ar ba ita ta sa hannuna rawa ba. So nake a ce a wurina aka fara ji. Allah Maɗaukaki ya ba da labarin masu irin wannan hali a Suratun Nisa'i, aya ta 83: idan wani al'amari na aminci ko na tsoro ya zo musu, sai su watsa shi, alhali da sun mayar da shi ga Manzo da ma'abota al'amari daga cikinsu, da waɗanda suka iya tantance shi sun san yadda za a yi da shi. A gidan nan akwai ma'abota al'amari, su ne baffanninsa da liman. Ni da wayata na shiga gabansu.

Tun daga ranar nake bin ayoyin da suka yi magana a kan harshe, ina karanta su kamar don wayar hannuna aka saukar. Wadda ta fi kama ni tana cikin Suratun Nur, a ƙissar ƙazafin da aka yi wa Uwar Muminai Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, a hanyar dawowa daga yaƙin Banul Musɗaliƙ. Shugaban munafukai Abdullahi bn Ubayy shi ya jiɓinci mafi girman abin. Amma maganar ba ta cika Madina da bakinsa shi kaɗai ba, sai da wasu mutanen kirki suka ji suka maimaita. Wata guda cur gidan Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, yana cikin wannan damuwa kafin wahayi ya sauka ya wanke ta. A aya ta 15 Allah ya ce suna karɓar maganar da harsunansu, suna faɗar abin da ba su da sani a kai da bakunansu, suna zaton abu ne mai sauƙi, alhali a wurin Allah babba ne.

Ku tsaya a kan "karɓa da harshe". Ai da kunne ake karɓar magana, ta wuce zuciya a auna ta, sannan ta fito ta baki. Su kuwa daga harshe sai harshe, ba ta bi ta kunne ba balle hankali. To mu yanzu ko harshen ma ba ta taɓawa. Daga yatsa sai yatsa. Sau nawa ka tura dogon saƙo wanda layin farko kawai ka karanta? Sau nawa ka tura muryar da ba ka saurara har ƙarshe ba, don kawai an rubuta "Allah ya isa ga wanda ya gani bai tura ba"?

Waɗanda suka yi wayo a 2014 ba za su manta da daren ruwan gishiri ba. Cutar Ebola ta shigo Legas a watan Yuli, tsoro ya kama ƙasa, sai a watan Agusta saƙo ya bazu cewa kowa ya yi wanka da ruwan ɗumi da gishiri, ya kuma sha, kafin gari ya waye. Ina yaro a lokacin, na tuna an tashe mu cikin dare, wayar babanmu tana ta ƙara, 'yan'uwa daga garuruwa suna kira. Ba wanda ya kira da mugun nufi, duk ƙauna ce ta sa su. Amma an ruwaito mutuwar aƙalla mutum biyu saboda shan gishirin, wasu da dama aka kwantar da su. Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce ya ishi mutum ƙarya ya riƙa ba da labarin duk abin da ya ji. Imamu Muslim ya kawo shi a gabatarwar Sahihinsa. Hadisin bai ce sai wanda ya ƙirƙira ba. Wanda ya ji ya wuce da shi ma yana ciki, kuma rubuta "kamar yadda aka turo mini" a ƙasan saƙo ba ya sauke nauyin.

Akwai wanda ya fi wannan tsoratar da ni. A hadisin Samura bn Jundub da ke cikin Bukhari, an nuna wa Annabi a mafarki wani mutum ana tsaga gefen bakinsa har ƙeya da ƙugiyar ƙarfe, da hancinsa, da idonsa, kafin a gama da ɓangare ɗaya wancan ya warke, a sake komawa. Da ya tambaya aka ce masa, wannan shi ne mutumin da ke fita daga gidansa da safe ya yi ƙarya ta kai sasannin duniya. A zamanin raƙumi da ƙafa, sai mutum ya fita daga gida, kuma sai maganar ta yi watanni tana tafiya. Mu muna kwance a kan katifa a ɗakin kwanan ɗalibai, da datar naira ɗari, maganarmu ta isa Yamai da Kumasi da Jidda kafin a kira isha'i. Ko kamfanin WhatsApp sai da ya ga ɓarnar, a 2019 ya taƙaita tura saƙo zuwa wuri biyar a lokaci guda, bayan jita-jita ta jawo an kashe mutane a Indiya. Masu neman kuɗi da manhajar sun sa mata birki. Mu da muka yi imani da Raƙib da Atid fa?

Ba ina cewa a jefar da waya ba ne. Ni kaina rubutu nake yi, kuma zan ci gaba in Allah ya yarda. Wani malaminmu ya taɓa ba mu tarihin Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, Abubakar Imam yana editanta. A wancan lokaci in kana so jama'a su karanta ra'ayinka sai ka rubuta wasiƙa, ka kai gidan waya, ka jira, edita ya duba, ya gyara ko ya ajiye. Yau ɗan manomi a ƙauyen da ko kwalta babu zai rubuta halin da rijiyarsu ke ciki, dubban mutane su karanta. Na ga an tara wa marar lafiya kuɗin aiki cikin kwana biyu. Na ga an gano yaron da ya ɓata. Darussan nahawu da fiƙihu da na rasa a islamiyya, a waya na cike wasunsu. Wannan ni'ima ce, kuma butulci ne a musa ta. Sai dai editan da ke tsakaninka da jama'a ya tafi, kwanakin jira da ke sa fushi ya huce su ma sun tafi. Ba wanda ya rage a bakin ƙofa sai tsoron Allah da ke zuciyarka.

Magabata da suka san nauyin alƙalami ba haka suka yi ba. An ruwaito cewa Imamul Bukhari shekara 16 ya yi yana tattara Sahihinsa, kuma ba ya shigar da hadisi sai ya yi wanka ya yi nafila raka'a biyu. Imamu Malik, wanda mafi yawanmu a kan mazhabarsa muka tashi, an san shi da yawan cewa "ban sani ba", ga shi kuwa malamin Madina ne. Mu kuma ɗalibin da bai sauke Ahlari ba yana yanke hukunci a kan wanda ya kafirta da wanda bai kafirta ba, a cikin layi uku, tsakanin lacca da lacca. Muhammad bn Sirin ya ce wannan ilimi addini ne, ku duba daga wa kuke karɓar addininku. Hadisi nawa ke yawo a gurufofinmu babu wanda ya san inda aka samo su?

Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne yadda rubutun nan ya sauya mana ladabin magana. Sallama ta koma harafi uku. Ta'aziyya, wadda ake cire takalmi a shiga zaure a durƙusa a yi, ta koma hoton hannu biyu a ɗage. Yaron da in ya haɗu da dattijo a hanya zai rusuna ya ce "Baba, ina wuni", shi ne a ƙarƙashin rubutu yake ce wa sa'an kakansa jahili, don kawai malamin ba na ɓangarensu ba ne. Fuska ita ke sa kunya, to waya ta ɗauke fuskar. Kuma gibar da a da mutum uku ke yi a gindin bishiya ta watse da tashinsu, yanzu a rubuce take, da hoto, mutum ɗari biyar suna sa hannu. Suratul Hujurat, aya ta 12, ta kamanta ta da cin naman ɗan'uwa matacce. Ka tuna kuma da hadisin matsiyacin gaske a Sahihu Muslim: zai zo ranar ƙiyama da salla da azumi da zakka, amma ya zagi wannan, ya yi wa wancan ƙazafi, a yi ta ɗibar ladansa ana biyansu, in ya ƙare a ɗebo zunubansu a ɗora masa. Wanda ka zaga a zaure ka san gidansu, za ka iya zuwa neman gafara. Wanda ka zaga a intanet, da ba ka ma san sunansa na gaskiya ba, ina za ka same shi?

Hausawa sun ce magana zarar bunu ce. Rubutu ya fi haka, don ko ka goge, wani ya riga ya ɗauki hotonsa ya ajiye. Ina da aboki tun na sakandare da ya rasu, shafinsa yana nan har yanzu. Duk shekara Facebook na tuna mini ranar haihuwarsa, in shiga in ga abin da ya bari. Alhamdu lillahi, yawanci addu'o'i ne da tunatarwar azumin Litinin da Alhamis, har yau mutane na karantawa. Duk sanda na fito daga shafin sai aya ta 12 ta Suratu Yasin ta faɗo mini: Allah yana rubuta abin da suka gabatar da kuma gurabun da suka bari. Sai in tambayi kaina, in ni ne aka binne jiya, me ke ci gaba da yawo da sunana a daren nan?

Ko nasiha irin wannan ba ta tsira ba. Na sha rubuta ayar Alƙur'ani, bayan minti biyar in dawo in ƙirga mutum nawa suka yaba. Ku taya ni addu'a Allah ya tsarkake mini niyya a wannan ma.

Bayan sadakar arba'in na nemi ɗan ajinmu ya raka ni wurin mahaifiyarsu. Na durƙusa a bakin ƙofar ɗakinta, na ce, "Mama, ni ne na rubuta." Ta daɗe ba ta ce komai ba, tana jan carbi. Can ta ce, "Ɗan nan, kwanansa ne ya ƙare, kai ba ka kashe shi ba. Amma da ka bari na ji daga bakin baffanninsa." Sannan ta ce ta yafe, ta sa aka kawo mini ruwa.

A daren na fara bin tsofaffin rubuce-rubucena ɗaya bayan ɗaya tun daga ranar da na buɗe shafin, ina goge na gogewa, ina tura saƙon ban haƙuri ga waɗanda na iya samu. Har yanzu ban gama ba, kuma akwai da yawa da ban san inda suke ba. Idan kana karanta wannan, kuma na taɓa yi maka ba'a, ko na yaɗa abin da ban tabbatar ba a kanka, ko na zagi malaminka ko mahaifinka, don girman Allah ka yafe mini tun muna duniya.

Allah ya jiƙan yayan ɗan ajinmu, ya ba Mama lafiya da haƙuri, ya jiƙan namu da suka riga mu.