Waƙar Satumba da tabarmar ƙofar gidanmu

Shekarata goma sha uku a birnin Houston na ƙasar Amurka, amma sai bara na ga yadda waƙa ɗaya take tsayar da mai furfura a gefen titi. Motata tana gareji, sai wata abokiyar aikina, dattijuwa 'yar asalin New Orleans, ta ce in zo ta rage mini hanya. Ƙarshen watan Agusta ne, zafi kamar na Sakkwato. Muna cikin hira sai rediyo ya saki wata waƙa da ke farawa da gita shi kaɗai, a hankali, kamar mai tafiya da sanɗa. Baiwar Allah nan ta katse maganarta, ta kunna sigina, ta gangara gefe ta tsaya. Hannuwanta biyu suna kan sitiyari, ba ta ce uffan ba har aka kai ƙarshe. Sannan ta share ido da bayan hannu, ta ce mini a motar bas aka kawo ta garin nan a 2005, da jaka ɗaya, kuma yayarta ba ta fito daga ruwan ba.

Waƙar ita ce "Wake Me Up When September Ends" ta ƙungiyar Green Day, masu kiɗan rok daga Kalifoniya. Ma'anar sunan: ku tashe ni idan Satumba ya wuce. Abin da ya ɗaure mini kai da na bi diddiginta shi ne, babu ruwanta da ambaliya, babu ruwanta da New Orleans. Jagoran ƙungiyar, Billie Joe Armstrong, mahaifinsa ya yi wa ita. Uban direban babbar mota ne, yana kuma kaɗa ganga a kiɗan jaz, ciwon daji na maƙoshi ya yi ajalinsa a Satumban 1982, yaron yana ɗan shekara goma. Labarin da ake bayarwa shi ne, ranar jana'iza yaron ya ruga gida ya kulle kansa a ɗaki, da mahaifiyarsa ta ƙwanƙwasa ƙofa sai ya faɗa mata wannan magana. Ya riƙe ta a ciki sama da shekara ashirin kafin ta fito a kundinsu American Idiot a 2004.

Daga nan waƙar ta fita hannun mai ita. Bidiyon da aka yi mata labarin saurayi ne da ya shiga soja aka tura shi Iraƙi, budurwarsa tana gida tana kuka, don haka iyalan sojoji suka ce tasu ce. Waɗanda suka rasa 'yan uwa a harin 11 ga Satumban 2001 sunan watan kawai ya ishe su. Sai kuma mahaukaciyar guguwa Katrina ta afka wa gaɓar tekun yankin New Orleans a ranar 29 ga Agustan 2005, shingayen da ke tare ruwa suka ɓalle, kusan kashi 80 cikin ɗari na New Orleans ya nutse, mutum sama da 1,300 suka rasu. Lokacin waƙar tana tashe. Aka riƙa haɗa ta da hotunan mutane a kan rufin gidaje suna ɗaga hannu, da na dubban da suka cunkushe a filin wasa na Superdome cikin ƙarancin ruwa da abinci kafin a kwaso su zuwa filin wasa na Astrodome a nan Houston. Da aka gyara Superdome aka sake buɗe shi ranar 25 ga Satumban 2006, Green Day da ƙungiyar mawaƙa ta U2 ne suka hau dandamali, aka rera ta a wurin da mutane suka kwana cikin tashin hankali shekara guda kafin nan. Kukan maraya ɗaya ya zama rumfar gari guda.

Ni ma maraya ne, shi ya sa maganar ta tsaya mini a rai. Ina ɗan shekara goma sha ɗaya Baba ya rasu a Zariya. Da hantsi ya cika, kafin la'asar an yi masa wanka, an sa shi a likkafani, an sallace shi, an ɗauki makara. Da muka dawo daga maƙabarta an riga an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, butoci a jere gefen bango. Kwana uku mutane ba su yanke ba. Mai zuwa ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, a ɗaga hannu a shafa Fatiha. "Ya haƙuri?" "Haƙuri da godiya." "Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta, ya kyautata namu zuwan." A cikin gida ba a ɗora tukunya ba, kwanukan maƙwabta ne ke shigowa, tuwo da kunu da shinkafa, har da gidan da muka yi shekara ba ma ga maciji da su. Wanda Baba yake bi bashi ya zo ya faɗa, wanda yake bin Baba ya ce ya yafe.

Wallahi ba zan musanya wannan da komai na ƙasar nan ba. Na je jana'izar wani maƙwabcina Ba'amurke, an ajiye gawar kusan mako biyu ana neman ranar da ta dace da kowa, aka taru awa biyu, aka ci abinci, kowa ya shiga motarsa. Washegari matarsa ita kaɗai na gani tana fitar da kwandon shara. Babu tabarma, babu mai zuwa ya zauna da ita ko da ba zai ce komai ba. Na fahimci a nan ne irin waɗannan waƙoƙi suke samun ƙarfinsu. Mutanen da ba su da zaman makoki sai su haɗu a cikin waƙa. Wanda ke cikin mota shi kaɗai ya san cewa a daidai wannan lokaci akwai dubbai da suke ji tare da shi. Kuma waƙa ba ta kai wa mamaci komai. Mu addu'a muke aika masa, da sadaka, muna sa ran za ta same shi a kabari. Wannan bambanci ne babba, ban ɗauke shi da wasa ba.

Amma akwai abin da tabarmar tamu ba ta yi mini ba, kuma sai da na zauna a motar nan na yarda da shi. A daren farko na shiga ɗakin Baba na tarar da babbar rigarsa a rataye, ƙanshin turarensa bai fita ba. Na rungume ta ina kuka. Baffa ya leƙo ya gan ni. Ya dafa kaina ya ce, "Haba ɗana, share hawayenka. Kai ne babba yanzu, idan ka yi kuka ƙannenka su yi yaya?" Don ƙauna ya faɗa, na sani, shi ma idonsa ya yi jawur. Na share. Aka yi sadakar uku, aka yi ta bakwai, aka raba gumba ranar arba'in, Inna ta gama takabarta wata huɗu da kwana goma. Daga nan kuma shi ke nan, an naɗe tabarma. Idan sunan Baba ya fito a zance sai a ce "Allah ya jiƙan rai" a wuce. Babu wanda ya taɓa tambayata abin da nake ji a shekara ta biyu, ko ta bakwai, ko ranar da aka ɗaura mini aure na waiga babu shi a sahu.

Waƙar Armstrong a daidai nan ta same ni. Tana ƙirga shekaru, bakwai sun wuce, ashirin sun wuce, kuma mai ita bai ji kunyar cewa har yanzu yana jin zafin ba. Mu mun iya kwana ukun farko fiye da kowa a duniya. Shekara ta ashirin ce muke barin mutum shi kaɗai. Mun mai da haƙuri kamar ma'anarsa shiru, alhali Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye da ɗansa Ibrahim ya rasu, ya ce ido yana hawaye, zuciya tana baƙin ciki, amma ba ma faɗin komai sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. Kururuwa da yaga tufafi aka hana. Ba a hana mutum ya ce yana kewar ubansa ba.

Kada wani ya ɗauka cewa nake a kawo gita wurin makoki. A'a. Cewa nake muna da namu, mun bar shi ya yi ƙura. Marsiyya tamu ce. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, malama ce da babu mai shakkar iliminta, ta yi wa ɗan'uwanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello marsiyya bayan rasuwarsa a 1837, ta yi wa mijinta Waziri Giɗaɗo, ta yi wa aminiyarta A'isha, ta faɗi kewarta da kaɗaicinta a fili tare da addu'a. Yau idan babban mutum ya rasu mawaƙa ba sa rasa abin faɗa, an gani bayan kisan Murtala a 1976. Amma yawanci yabo ne, ana lissafa ayyukan mamaci. Muryar ƙaramin yaro da ya kulle kansa a ɗaki ce ba na ji.

Gaskiya su ma nan ba su riƙe abin da mutunci yadda ya kamata ba. Duk ranar 1 ga Oktoba, ranar da mu muke tuna samun 'yancin Najeriya, intanet cika take da masu barkwanci wai a je a tashi Billie Joe, Satumba ya wuce. Mutuwar uban mutum ce fa. A gida ko yaro ba zai yi wannan ba, da ya sha faɗa wurin manya.

Ranar da Baba ya cika shekara talatin da rasuwa, bayan na idar da sallar asuba, na kira Yayata a Zariya. Awa shida ne tsakaninmu, su rana ta take. Bayan gaisuwa na ce, "Yaya, ke kina ɗakin lokacin da Baba zai cika. Me ya ce?" Ta yi shiru har na zaci layi ya yanke. Can sai ta ce, "Shekara talatin ba wanda ya tambaye ni." Ta ce ruwa ya nema, ta ba shi da ludayi, ya sha kaɗan, sannan ya tambaya ko na dawo daga makarantar allo. Aka ce masa ban dawo ba. Ya ce a ajiye mini kunu.