Magneto ya haura sittin amma ko furfura babu

Hutun Disambar da ya wuce sanyi ya hana mu fita a nan Manchester, ƙarfe huɗu na yamma gari ya yi duhu, sai ni da ɗana muka ce bari mu bi finafinan X-Men yadda shekarun labarin suke tafiya, ba yadda suka fito kasuwa ba. Muna tsakiyar Dark Phoenix yaron ya tsayar da fim ɗin ya ce "Baba, wannan ba shi ne yaron da sojoji suka raba da mamarsa ba?" Na ce shi ne. Ya jawo ambulan ɗin takardar kuɗin wuta ya juya bayansa ya hau lissafi da biro. An nuna Magneto a Auschwitz a 1944 yana yaro wanda ya tasa, Dark Phoenix kuma 1992 ne, shekara 48 ke nan tsakani, wato mutumin ya kai sittin ko ya haura. To amma wanda muke gani Michael Fassbender ne mai shekara arba'in da 'yan kai, jiki a murɗe, kai ko furfura babu. Kuma wai bayan 'yan shekaru kaɗan shi ne zai koma dattijo Ian McKellen da ya fito a Magneto a fim ɗin 2000.

Abin ya dame ni fa, don ina son finafinan nan tun ina ganinsu a faifan CD a gida. First Class 1962 ne, Days of Future Past 1973, Apocalypse 1983, sai 1992, kowane fim a tsallake shekara goma amma fuskoki na nan yadda suke. Moira da aka gani a 1962 ita ce dai a 1983 ba abin da ya taɓa ta. Wanda ya fi tsaya min a rai Havok ne, saurayi a 1962, a 1983 kuma ga shi ya kawo ƙaninsa Cyclops makaranta suna tafe kamar tsiransu shekara biyar, alhali a lissafi ya isa ya haife shi.

Da na kawo maganar a wajen aiki wani abokina Bature ya ce ai a Days of Future Past Wolverine ya koma baya zuwa 1973 ya canza tarihi, daga nan komai na iya faruwa. Yawanci haka na ga suna ɗaukar abin a nan, su zana jadawali da kibiyoyi su raba layin lokaci biyu ko uku har sai kuskuren ya samu wurin ɓuya. Ni kam ban yarda ba. In ka canza abu a 1973, abin da ya biyo baya ne zai canza, ba ranar haihuwar wanda aka riga aka yi wa suna ba. Angel a The Last Stand na 2006 matashi ne, an ma nuna shi yana ƙaramin yaro shekara goma kafin nan yana yanke fukafukansa a banɗaki, to ta ina ya ɓullo ƙato yana dambe a keji a Berlin a 1983?

A gidan kallon unguwarmu a Zariya wannan ba za ta wuce ba wallahi. Mu mutane ne da in an haɗu abu na farko a san wa ya girmi wa, waye yaya waye ƙani, don da shi ake sanin wa zai fara gaida wani. In aka rubuta bayan shekara ashirin a fim ɗin Hausa ko na Indiya, to jarumin zai dawo da hoda a gemu da tabarau, wani lokaci har da sanda. Hodar tana fitowa ɓaro-ɓaro, na sani, amma mai fim ɗin ya nuna ya san ka iya ƙirga. In bai yi ba daga bencin baya za ka ji an ɗaga murya an ce ƙarya ne. Su kuma an kashe wajen dala miliyan 200 a Dark Phoenix.

Su ma masu finafinan Avengers na Marvel sun yi tuntuɓe, Spider-Man: Homecoming ya rubuta bayan shekara takwas da yaƙin New York na fim ɗin Avengers na 2012 alhali ba ta kai ba. Amma da suka tsallake shekara biyar a Endgame sun biya kuɗin tsallaken. Scott Lang, wato Ant-Man, ya ƙwanƙwasa ƙofa, 'yar da ya bari ƙarama ta fito ta zama budurwa, ya tsaya yana kallonta ya rasa abin cewa. Wajen nan ya taɓa ni sosai, don na san abin. Na yi shekara huɗu ban je gida ba, da na sauka yarinyar da na bari tana rarrafe ita ta kawo min ruwa, Hajiyarmu kuma ta fara miƙewa da dafa bango.

Abin da na so in gani ke nan tsakanin Charles, shugaban X-Men, da Erik, wato Magneto, abokai biyu da suka shekara talatin suna rigima suna shiryawa har ƙarfi ya fara ƙarewa. A ƙarshen Dark Phoenix sun zauna a wani shagon shayi a Faris za su buga dara, ɗana ya sake duba bayan ambulan ɗin ya ce "Baba, ai nan ya kamata su kai sa'annin Alhaji."